Digiri na uku a fannin gas tabain da injin jirgin sama: ta ina ake shiga?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni dai na gama mastas a mekanikal injiniyarin a nan gida, aikina kan tamodainamiks ne, yanzu ina koyarwa a wata kwalejin fasaha. Tun ina yaro nake son harkar injin jirgin sama, burina in yi digiri na uku kan gas tabain a waje. Na tura wa farfesoshi da yawa imel ba wanda ya amsa, wani kuma ya ce min wai ba a ɗaukar 'yan Najeriya a fannin saboda harkar tsaro ce. Don Allah gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne ta ina zan fara, wace ƙasa, kuma wa zai biya?"

Wa'alaikumus salam ƙanina. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko an rufe wa ɗan Najeriya ƙofa, me ya sa farfesoshi suka yi maka shiru, da kuma wa zai ɗauki nauyi. Zan amsa ne daga abin da na gani da idona, don nima ta wannan hanyar na bi, nawa a Ingila na yi a ɓangaren aikin inji gaba ɗayansa da yadda ƙarfinsa ke raguwa in ya tsufa ko ya yi datti, kafin nan kuma na yi aiki a wata tashar wuta mai amfani da gas a kudu. A taƙaice ƙofar a buɗe take, akwai dai ɗakuna a ciki da ba za a bar ka ka leƙa ba. Shirun da aka yi maka kuma na fi zargin wasiƙar a kan fasfonka. Babu farfesan da ke neman ɗalibin "gas tabain" haka kawai, kowa da 'yar matsalar da ya shekara ashirin yana tono, da kuɗin da wani kamfani ko gwamnati suka ba shi saboda ita, abin da yake nema shi ne wanda zai zauna da wannan matsalar shekara uku ko huɗu bai gaji ba.

Fannin ya fi yadda ake zato faɗi

Kai ka san zagayen Brayton, amma saboda sauran masu karatu bari in faɗa da sauri. Injin yana zuƙar iska, kwamfireso ya matse ta, a zuba mai ko gas a kunna wuta, iskar mai zafi ta bi ta kan fukafukan tabain ta juya su, tabain ɗin kuma shi ke juya kwamfireson. Ƙarfin da ya rage, in a jirgi ne a juya babbar fankar gaba da shi, in a ƙasa ne a juya janareta ko injin tura gas a bututu. Frank Whittle ya yi rajistar ƙirarsa a 1930 ya tayar da injinsa na farko a 1937, jirgin He 178 mai injin Hans von Ohain ya tashi a Jamus a Agustan 1939, a shekarar nan dai aka kafa tabain na farko mai ba gari wuta a Neuchâtel ta Suwizalan, megawat 4. Kaga tun farko na sama da na ƙasa tare suka taso, ka riƙe wannan don zai yi maka amfani in mun zo maganar tsaro.

Abin da ya sa har yau ake zuba kuɗi a bincike shi ne zafi. Iya zafin iskar da ta shiga tabain iya ƙarancin man da inji zai sha. Manyan injinan Mitsubishi na ajin J suna aiki a digiri 1,600, na bayansu 1,650, alhali ƙarfen nikel da ake ƙera fukafukan da shi yana fara narkewa a digiri 1,300 da ɗoriya. Wato fiffiken yana zaune ne cikin iskar da ta isa ta narkar da shi, abin da ke riƙe shi ƙananan huji ne da ake hura iska mai ɗan dama ta cikinsu, da siririn shafe mai kama da tangaram a bayansa, da kuma yadda ake zuba ƙarfen ya daskare ƙwaya ɗaya tal ba gaɓa. Kowane ɗaya cikin ukun nan akwai mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kai.

Toh daga nan fannin ya rarrabu. Akwai masu nazarin gudun iska a kwamfireso da tabain, wasu a lab wasu a kwamfuta da abin da ake kira CFD, su ne ke neman dalilin da kwamfireso ke shaƙewa ya tofo iska baya. Akwai 'yan ƙuna, masu fama da hayaƙin NOx mai gurɓata iska da rurin wuta da ke girgiza inji har ya tsaga ƙarfe. Akwai masu sanyaya fukafukai, akwai 'yan ƙarfe da shafe, akwai masu girgizar shaf da boris, wato sandar da ke juyawa da mazaunin da take juyawa a kai. Sai namu, da muke kallon injin a dunƙule mu gano daga karatun zafi da matsi wane sashe ne ya fara ciwo tun ba a kwance shi ba. Waɗannan mutanen ko a babban taron shekara na ASME Turbo Expo ɗakuna daban-daban suke zama. In ka rubuta wa ɗan ƙuna cewa kana son gas tabain, ba ka gaya masa komai ba.

Yana da kyau kuma ka san inda kuɗi ke kwarara yanzu, don tallan guraben karatu kuɗi suke bi. A 2021 CFM, wato haɗin gwiwar GE da Safran, suka sanar da shirin RISE na inji mai buɗaɗɗiyar fanka ba murfi, da burin rage shan mai da kashi 20. Rolls-Royce ta gwada injinta na UltraFan a Derby a 2023, fankarsa inci 140 da giyabos a tsakani. A Nuwamban 2022 ita da easyJet sun kunna injin AE 2100 da haidirojin, a Nuwamban 2023 kuma jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da man da ba na fetur ba zalla, alhali ƙa'idar yau da kullum ba ta yarda a wuce rabi da rabi ba. Wato kuɗin yana kan haidirojin, amoniya, sabon man jirgi, haɗa inji da batir, da ƙarkon inji a ƙasashe masu zafi da ƙura. Na ƙarshen nan zan dawo kansa, don shi ne namu.

Maganar tsaro

Wanda ya gaya maka yana da ɗan gaskiya amma ya zarce. A Birtaniya ɗan Najeriya da zai yi digiri na uku a injiniyarin na jirage ko mekanikal sai ya samu takardar ATAS daga ma'aikatar harkokin wajensu kafin biza. Kyauta ce, ana cikewa a intanet bayan jami'a ta ba ka gurbi, suna duba ne ko abin da zaka koya zai iya shiga harkar makamai. Mutanenmu da yawa sun samu, sai dai tana ɗaukar makonni wani lokaci watanni, kuma bayanin binciken da zaka saka dole ya zama wanda kuka daidaita da sufabaiza kalma da kalma, kar ka ƙara masa gishiri. Na ga yaran da ke cusa kalmomin roka da makami mai linzami a bayaninsu don ya yi armashi, alhali aikinsu wankin kwamfireso ne, wallahi kansu suke cuta.

Amurka ta fi tsauri. Dokokinsu na taƙaita fitar da fasaha, ITAR da EAR, sun hana nuna wa baƙo wasu bayanai ko da a cikin lab ɗin jami'a ne, shi ya sa zaka ga talla an rubuta 'yan ƙasa kaɗai, musamman in kuɗin na rundunar sama ne. Amma a lab ɗin nan dai akwai ayyukan da ma'aikatar makamashi ke biya waɗanda ake wallafawa a fili, kuma baƙi ne suka cika su. Faransa ma tana da dakunan gwaji da sai an tantance ka kafin ka shiga. Cibiyar von Karman da ke kusa da Brussels, wadda aka kafa a 1956 kuma tana cikin mafi kyau a duniya a nazarin tabain, tallafinta ya fi karkata ga 'yan ƙasashen NATO. China kuma tana ba da sikolashif na CSC, jami'o'inta irin su Beihang da Northwestern Polytechnical ta Xi'an suna da ƙarfi sosai a fannin, amma ka sani suna cikin jerin da Amurka ta sa wa takunkumi, wannan na iya bin ka in daga baya ka nemi aiki ko biza a yamma. Ban ce kar ka je ba, ka je da saninka.

Dabarar ita ce ka shiga ta ɓangaren wutar lantarki da mai da gas, inda takurar ba ta kai haka ba, ilimin kuma ɗaya ne. LM6000 da ke ba da wuta a ƙasashe da dama daga injin CF6 na jirgin fasinja aka ciro shi. TM2500 na GE da aka kafa a tashar gaggawa ta Maiduguri, wadda aka ƙaddamar a Maris 2023, shi ma asalinsa injin jirgi ne aka ɗora a tirela. Wanda ya ƙware a ƙunar haidirojin ko sanyaya fiffike a injin ƙasa, masu injin sama ba za su ce ba su san shi ba.

Inda ake yin abin

A Ingila sunan da 'yan Najeriya suka fi sani shi ne Cranfield, wadda ta faro a 1946 a matsayin kwalejin jirage, ba ta ɗaukar 'yan digirin farko, tana da filin jirginta, kuma mutanenmu da yawa sun bi ta kwas ɗinta na Thermal Power da kuɗin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya. Ƙarfinta a nazarin inji gaba ɗaya ne, da gano cuta, da lissafin riba da asara na tasha, suna da manhajarsu ta gida Turbomatch. In gudun iska ne zalla to Whittle Lab ta Cambridge, tun 1973. Sanyayawa da tafiyar zafi Oxford, a lab ɗinsu na Osney. Ƙuna Loughborough. Ukun nan na ƙarshe sun haɗa shiri tun 2014, shekara ɗaya ta share fage a Cambridge sannan uku na bincike a ɗaya daga cikinsu, da hannun Rolls-Royce da Mitsubishi da Siemens, a 2019 aka sa masa suna Future Propulsion and Power, ka duba ko suna ɗauka a shekarar da kake nema. Rolls-Royce kuma tun 1990 take kafa cibiyoyi a jami'o'i da take kira UTC, kowace da abin da aka damƙa mata, in ka samo jerinsu ka samu taswirar wa ke yin me.

Amma ni in za a bi ta tawa, ka fi mai da hankali kan sauran Turai, don a can ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne. A Suwidin albashi ake biyanka, ba kuɗin makaranta, shekara huɗu ko biyar in da koyarwa, Chalmers ta Gothenburg tana aiki da GKN Aerospace, KTH da Lund kuma suna da alaƙa da masana'antar Siemens Energy da ke Finspång. Holan haka, TU Delft, shekara huɗu. A Jamus ana ɗaukarka ma'aikacin bincike a matakin albashi na 13, a Aachen ko Munich ko Stuttgart ko Darmstadt, ko cibiyar binciken jirage ta DLR a Cologne, da kamfanonin MTU da Rolls-Royce ta Jamus a gefe, sai dai yakan kai shekara biyar kuma Jamusanci na da muhimmanci, don masu haɗa maka kayan gwaji a wokshof da shi za su yi maka magana. Faransa shekara uku ce, akwai tsarin CIFRE da kamfani irin Safran ke ɗaukar ɗalibi aiki, da CERFACS ta Toulouse ga masu lissafin ƙuna. Italiya akwai Florence kusa da masana'antar Nuovo Pignone ta Baker Hughes, da Genoa garin Ansaldo. Irin waɗannan guraben ba a roƙonsu da wasiƙa, talla ake yi kamar na aiki a shafin jami'a ko EURAXESS, shafin guraben bincike na Turai, ka nema a yi maka intabiyu.

Amurka akwai Purdue da lab ɗinta na Zucrow, Georgia Tech a ƙuna, Penn State a sanyayawa, Texas A&M a girgiza da boris, MIT da lab ɗinta tun 1947. Wajen shekara biyar ne, farfesa ke biyanka daga kuɗin bincikensa ko ka koyar, amma dokokin biza ga 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, kar ka ɗora duk fatanka a can. Kar kuma ka raina Saudiyya. KAUST da ke Thuwal kusa da Jidda tana da kayan nazarin ƙuna da ba kowace jami'ar Turai ke da su ba, suna aiki kan amoniya da haidirojin, suna ɗaukar nauyi gaba ɗaya har gida, KFUPM ta Dhahran ma 'yan'uwanmu da yawa sun yi karatu a can.

Wa zai biya

Abu na farko, don Allah kar ka sayar da gida ko gona ka biya da kanka. Kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo a injiniyarin a Ingila ya haura fam 20,000 a shekara, ban da haya da ci da kuɗin asibiti na biza, kuma mun ga abin da faɗuwar naira a 2023 da 2024 ta yi wa masu biya da aljihunsu. Bayan haka a wannan fannin ɗalibi mai biya da kansa sau da yawa shi ake bari a gefe da kwamfuta, don injin gwaji da bayanan kamfani na ɗaliban da kamfanin ya biya wa ne.

Tun 2021 hukumar UKRI mai tallafa wa bincike a Birtaniya ta yarda a ba baƙi har kashi 30 na gurabenta, alawus ɗin shekarar 2025/26 fam 20,780 ne ba haraji. Ka tambaya a rubuce ko jami'ar za ta yafe bambancin kuɗin baƙo da na ɗan ƙasa, don wasu suna yafewa wasu ba sa yi, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwai Commonwealth da ake bi ta hukumar sikolashif ta tarayya, tana ma da tsarin da zaka yi rajista a jami'ar gida ka je Birtaniya wata 12 ka yi gwaji ka dawo. Akwai Gates a Cambridge da Clarendon a Oxford, gasar da zafi amma ba a hana kowa nema ba. Chevening ta mastas ce kawai, kar ka ɓata lokaci. A Turai akwai tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, kowace ƙasa kake zaka iya nema, sharaɗin shi ne kar ya zama ka zauna a ƙasar da za ta karɓe ka sama da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce, wanda kai bai shafe ka ba, albashinta kuma yana da kauri. DAAD ta Jamus ma tana nan.

A gida PTDF ce ta fi dacewa da fanninmu, amma furofozal ɗinka sai ya nuna amfaninsa ga mai da gas, wannan kuma ba wuya, tabain ne ke juya kwamfiresoshin NLNG a Bonny, shi ke ba dandamalin haƙar mai na teku wuta. In ka rubuta musu injin jirgin yaƙi ka fita daga layinsu. A 'yan shekarun nan ta karkata zuwa tsarin rabi gida rabi waje ta kwalejinta da ke Kaduna, da kuma Jamus da Faransa da Malesiya. TETFund da kake da haƙƙi a kanta a matsayinka na malamin kwaleji ta sanar a ƙarshen 2024 cewa ta dakatar da tura malamai waje, sai ka bi ta ofishinta na makarantarku ka ji halin da ake ciki yanzu.

Abin da zai sa a amsa maka

Farfesa a irin waɗannan wuraren imel na neman gurbi yana zuwa masa kullum, mafi yawa iri ɗaya, yabo a sama, "ina sha'awar bincikenka" a tsakiya, roƙon tallafi a ƙasa. Ni kaina yanzu da ɗalibai ke rubuto min, layi biyu na farko sun isa in gane ko mutum ya karanta abin da na rubuta. Wanda ake amsa wa shi ne wanda ya ce na karanta takardarka ta shekara kaza, na sake yin lissafin hoto na kaza da kaina, nawa ya bambanta da naka a wuri kaza, ina ganin dalilin kaza ne, ga fayil ɗin. Ko da kai ne ka yi kuskuren lissafin zai amsa, don ya ga mutumin da ke iya aiki ba a tsaya a kansa ba.

Kuma wannan ba ya buƙatar lab. NASA ta saki siffa da sakamakon gwajin wani kwamfireso da ake kira Rotor 37, fukafukai 36, yana juyi sama da sau 17,000 a minti yana matse iska ninki biyu da 'yan kai, duk mai CFD a duniya ya san shi. Ka sauke manhajar OpenFOAM ko SU2, kyauta ne, ka lissafa tsakanin fiffike biyu kawai a laftof mai ɗan ƙarfi, ka kwatanta da gwajin, ka rubuta shafi huɗu ko biyar na gaskiya har da inda bai dace ba. In ɓangaren gano cuta kake so akwai bayanan C-MAPSS na NASA na injinan da ke lalacewa a hankali, da pyCycle na gina zagayen inji. In ƙuna ce akwai manhajar Cantera. Python dole ne ko wanne ka zaɓa. Wata shida na irin wannan aikin ya fi maka takardu biyar a mujallun nan da ake biya a buga cikin sati ɗaya, waɗannan ma cire su daga CV ya fi alheri, don masu tantancewa sun san su kuma suna rage wa mutum daraja.

In sakamakon digirinka na farko bai kai babban mataki na biyu (second class upper) ba, ko mastas ɗinka ba bincike sosai a ciki, mastas na biyu a waje ba faɗuwa ba ne, da yawa ta nan suka samu sufabaiza ya san su ido da ido.

Zafi da ƙura

Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, don abin da kake da shi ne wanda ɗalibin Jamus ko na Indiya ba lalle yana da shi ba. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin tabain an auna shi ne a digiri 15, a gaɓar teku, da laima kashi 60. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kwamfireso yana zuƙar ƙasa da abin da ya saba kuma yana shan wuya wajen matse ta, kowane digiri ɗaya sama da 15 yana cin sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin, ya danganta da injin. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da ake haura digiri 40, kaga kashi 15 ko fiye ya tafi tun ba abin da ya lalace, kuma daidai lokacin da mutane suka fi buƙatar wuta. Tudu ma yana ci, injin da aka kafa a Jos ba zai ba da abin da zai bayar a Fatakwal ba.

Sai ƙurar hunturu. Mafi yawanta daga kwarin Bodélé na arewacin Chadi take tasowa, wanda ake lissafa shi a matsayin wuri ɗaya da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, tsohon gindin tafki ne, ƙurar kuma ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa ce, laushi gare ta ƙwarai. Mai laushin nan tana ratsa filta ta haɗu da tururin mai ta manne a fukafukan kwamfireso, iskar da ke wucewa ta ragu, matsi ya ragu, shan gas ya ƙaru. A tashar da na yi aiki muna ganin megawat na zamewa a allo kwana bayan kwana a lokacin hazo, in aka tsayar da inji aka wanke shi sai mafi yawa ya dawo. Tambayar ita ce yaushe ya kamata a wanke, don tsayar da inji asara ce barinsa da datti ma asara ce, wane filta za a sa don mai tsananin tacewa shi ma yana shaƙe iska, kuma a arewa da iska ke bushe, sanyaya iskar shiga da feshin ruwa yana aiki sosai amma ruwan tsaftatacce daga ina. Duk waɗannan tambayoyin digiri na uku ne, kuma bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano an tsara shi ne da tashoshin wuta a kan hanyarsa, wato injinan nan cikin ƙurar za su zauna.

A sama abin ya fi muni, don ƙurar da ta wuce ɗakin ƙuna narkewa take ta zama kamar gilas, ta toshe hujin sanyayawa ta ci shafen fiffike. Kamfanonin jirage na yankin Gulf suna sauke injina gyara da wuri fiye da na Turai saboda haka, har shugaban Emirates Tim Clark ya fito fili a bajekolin jirage na Dubai a Nuwamban 2023 ya soki ƙarkon injin Trent XWB-97. Masu ƙera inji yanzu suna zuba ƙura da gangan a injin gwaji. Abin da aka fi nazari shi ne yashin Gabas ta Tsakiya da tokar dutse mai aman wuta, musamman bayan wanda ya rufe sararin Turai a Afrilun 2010. Mutumin da zai zo da samfurin ƙurar Kano da aka tara bisa ƙa'ida, ko bayanan aikin inji na shekara guda daga tasha mai zafi, ya zo da abin da farfesa ba zai saya a kasuwa ba. Sai dai bayanan tasha dukiyar kamfani ce, ka nemi izini a rubuce daga shugabanninta, kar ka karɓa a filashi ta hannun aboki, jami'a ba za ta bari ka wallafa ba kuma zaka jefa abokin a matsala.

Iyakar abin da zan iya ce maka

Ni ɗan ɓangaren aikin inji ne, in ƙarfe da shafe ko gwajin ƙuna da lesa ne ya ja ka, ka nemi wanda ya yi shi ya duba maka furofozal, shawarata a can ta gefe ce. Dokokin biza da na sikolashif kuma kusan kowace shekara sai sun motsa, shafin hukumar da kanta shi ne hujja.

Ka kuma yi tunanin bayan an gama tun yanzu. Ba mu ƙera injin jirgi a Najeriya, wanda ya shekara huɗu yana auna iska a bakin fiffike da na'urar miliyoyin fam in ya dawo ba zai samu na'urar ba, sai ya koma kwamfuta ko ya ci gaba da haɗin gwiwa da lab ɗin da ya baro. Wanda ya yi gano cuta, ko lissafin tasha, ko ƙuna, ko girgiza, yana da wurin zuwa: tashoshi irin su Geregu da Azura da Afam, kamfanonin mai da gas, AFIT ta rundunar sojin sama a Kaduna, kwalejin jirage ta Zariya, da sassan mekanikal na jami'o'inmu. In iyali gare ka, Birtaniya ta hana 'yan mastas na aji zuwa da iyali tun Janairun 2024 amma ta bar masu digiri na uku, sai dai alawus ɗin na mutum ɗaya ne, ka yi lissafin haya da kyau kafin ka ɗauko su.

Lokaci kuma yana da muhimmanci. Tallafin Cambridge da Oxford da na Amurka ana rufewa ne a Disamba ko farkon Janairu don shiga a kakar shekara mai zuwa, Commonwealth tun kafin nan, guraben Suwidin da Holan da Jamus kuma ko yaushe suna fitowa, wasu sati uku ko huɗu kawai suke yi a buɗe. Don haka tiranskirif ɗinka na digiri biyun, da sakamakon IELTS wanda shekara biyu yake yi kafin ya mutu, da malamai biyu da suka san aikinka kuma suna duba imel ɗinsu, su zama a shirye kafin tallar ta fito. Tiranskirif ɗin ka fara nema tun wannan watan, shi ya fi komai jan lokaci.